Albashi mai tsoka: abin da yake saya maka da abin da yake ƙwacewa

Assalamu alaikum. Ana ji na daga baya can? To madalla. Waɗanda ke tsaye dan Allah ku ƙaraso, akwai kujeru nan gaba.

An ce in yi magana kan mutumin da samunsa ya yi yawa, yadda rayuwarsa ke canzawa, da farin cikinsa, da rabon lokacinsa tsakanin aiki da gida. Tun kafin mu yi nisa bari in faɗa muku inda na tsaya: ni ba na cikin masu cewa kuɗi ba ya kawo farin ciki. Mafi yawan masu faɗar haka in ka lura a ƙoshe suke. Wanda ya taɓa kwana ido biyu yana lissafin kuɗin haya da kuɗin magani ba zai yarda da kai ba, kuma gaskiyarsa.

A 2010 wasu masana biyu a Jami'ar Princeton ta Amurka, Daniel Kahneman da Angus Deaton, suka duba amsoshi sama da 450,000 da kamfanin Gallup ya tattara, kuma dabarar da suka yi ita ce sun raba tambayar gida biyu. Ta farko, in ka zauna ka auna rayuwarka gaba ɗaya, maki nawa za ka ba ta? Ta biyu, jiya-jiyan nan, ka yi dariya? ka shiga damuwa? ranka ya ɓaci? Sai suka ga amsar ta farko tana ta hawa muddin kuɗi na hawa, amma ta biyun, wato jin daɗin yau da gobe, in an kai wajen dala 75,000 a shekara sai ta tsaya cak. Jaridu suka yi caa a kai, kowa ya riƙe wannan lamba kamar aya.

Bayan shekara 11, a 2021, sai ga Matthew Killingsworth na Jami'ar Pennsylvania ya ce a'a. Shi da manhajar waya ya yi nasa, wayar za ta yi ƙara a lokacin da ba ka zata ba ta tambaye ka yaya kake ji yanzu-yanzu, mutum sama da 33,000, kuma bai ga wani tsayawa ba. To abin da ya burge ni, maimakon shi da Kahneman su tsaya jifan juna a jarida sai suka zauna tare, suka sa wata masaniya Barbara Mellers a tsakiya kamar alƙaliya, suka sake tona bayanan. A 2023 suka fito da matsaya: ga yawancin mutane jin daɗi na ci gaba da ƙaruwa da kuɗi, amma akwai wani kaso, kusan mutum ɗaya cikin biyar, waɗanda dama su ne suka fi kowa ƙunci, su kuɗi na rage musu zafi har zuwa wajen dala 100,000, daga nan ba ya ƙara musu komai. Wanda aka yi wa rasuwa, wanda aurensa ke tangal-tangal, wanda ciwon damuwa ya kama, ƙarin albashi bai san hanyar ɗakinsa ba.

Amma ga inda nake so ku buɗe kunne, don nan ne mutane ke tsallakewa. Hawan nan da ake cewa yana yi, ba da ƙari yake tafiya ba, da ninki yake tafiya. Daɗin da mutum zai ƙaru da shi in ya tashi daga 30,000 zuwa 60,000, kafin ya sake samun kwatankwacinsa sai ya kai 120,000, na gaba kuma sai 240,000. Kowane mataki tsadarsa biyu ce ta na baya. Kuma da me ake biya? Da awanni, jama'a. Da dare, da ƙarshen mako, da hutun da aka rubuta maka a takarda amma ba ka taɓa ɗauka ba.

Ina da wani aboki, ba zan kama suna ba, aka yi masa ƙarin girma albashinsa ya kusa ninkawa, muka taya shi murna sosai. Bayan kamar wata takwas na je gidansa, muna zaune a falo sai na ga yana ta laluben kujera, yana ɗaga matashi, ya leƙa ƙarƙashin tebur, har gumi ya fara keto masa don akwai mitin da zai shiga ta bidiyo ƙarfe tara na dare. Ashe 'yarsa 'yar shekara biyar ce ta ɗauke wayar ta cusa cikin takalminta na makaranta. Da aka tsare ta sai ta ce wai wayar ce ke kiran Baba yana tafiya. Mu muka fashe da dariya, shi bai yi ba. Ya karɓa, ya shafa kanta, ya shige ɗaki ya turo ƙofa, ni kuma na sha ruwana na tafi.

Kuma abin bai tsaya kan yara ba, har jiki yana biya. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun ƙiyasta cewa a 2016 kaɗai mutum 745,000 suka mutu da shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya ta dalilin aikin awa 55 ko fiye a sati. Haɗarin shanyewar jiki ya fi na mai awa 35 zuwa 40 da kashi 35 cikin 100. A Japan har suna gare shi, karoshi, mutuwa saboda yawan aiki. Faransa kuwa sai da ta kai ga yin doka, wadda ta fara aiki a 2017, kan 'yancin ma'aikaci ya kashe waya bayan an tashi. A lura fa, talaka ma na yin waɗannan awanni, wani ma ya fi, bambancin shi ba shi da zaɓi.

To shi mai zaɓin me ya hana shi sassautawa? Nan ne maganar salon rayuwa ta shigo. Kuɗi na zuwa, sai a canza unguwa, unguwa ta ce motar nan ba ta dace da nan ba, mota ta ce makarantar yara fa, kafin shekara ta zagayo abin da kake kira jin daɗi bara ya koma dole, kuma duk wata akwai bashin banki da ke jira. Ɗaurin talala kenan, igiyar doguwa ce kana ta yawo kana ganin a sake kake, sai ranar da ka ce za ka ajiye aikin ka ji ta a ƙafa. Ga kuma sabbin maƙwabta, don idon mutum ba ya kallon inda ya baro, na kusa da shi yake kallo. A wani bincike da aka wallafa a 1998, an tambayi wasu ɗalibai da ma'aikata a Jami'ar Harvard ta Amurka: ka samu dala 50,000 sauran mutane na samun 25,000, ko ka samu 100,000 su suna samun 200,000, farashin kaya bai canza ba? Kusan rabi suka zaɓi na farko. Sun yarda su bar rabin kuɗin kawai don su fi wani. Ku yi dariya, amma kowa ya tambayi zuciyarsa.

Akwai wani ɗan gwaji da Ashley Whillans da abokan aikinta suka wallafa a 2017 da nake so. A Bankuba ta Kanada aka ba ma'aikata 60 dala 40 kowannensu, wani ƙarshen mako aka ce su sayi kaya, wani kuma aka ce su sayi lokaci, wato su biya wani ya ɗauke musu aikin da ke cin ransu, shara ce ko wanki ko dai menene. Ranar da suka sayi lokaci sun fi samun natsuwa. Amma da suka tambayi miloniyoyi sama da 800 a Holan, kusan rabinsu ba sa kashe ko sisi a wannan hanya. Kuɗin na nan jibge, mutum na nan yana ta haki.

Abokin nan nawa kuwa, watannin baya an sake yi masa tayin wani matsayi, ya kira ni muka fi awa muna magana, na ce masa ya ɗauki biro ya raba albashin da ainihin awannin da zai riƙa yi, har da na hanya da na amsa saƙo a kan gado, ya ga nawa awarsa ɗaya ta koma. Ya yi, ya ce wallahi ƙarin bai taka kara ya karya ba. Bayan sati biyu ya turo min saƙo wai ya karɓa, don in ya ƙi wanda ke ƙasa da shi za a ba.

Na ga hannu a can baya. Bismillah, a miƙa mata makirufo.