Shirin Gasar Wasan Kwamfuta ta Awa 48: Aikin da Ake Gamawa Kafin a Fara

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na gode wa waɗanda suka shirya wannan zama, ku ma na gode da kuka daure kuka zauna har yanzu.

Yawancinku kun san irin gasar da muke magana a kai. Ana tara masu rubuta manhaja da masu zane da masu haɗa sauti, a ba su jigo guda, a ce su fito da wasan kwamfuta cikin awa 48 ko 72. Misali, gasar Ludum Dare tun 2002 ake yin ta. Global Game Jam ta fara a 2009, ana yin ta a ƙarshen watan Janairu, a ƙasashe da dama lokaci guda. Jigon kuwa ɓoye shi ake yi sai ranar farawa. Shi ya sa matasa kan tambaye ni: Malam, tunda ban san jigo ba, me zan shirya? Amsata ita ce kusan komai, in ban da dabarar wasan kanta.

Zan fara da abin da ya fi damuna, wato hanyar da wasa zai bi daga kwamfutarka zuwa hannun mai buga shi. Na taɓa zama kusa da wasu samari uku a wata gasa. Wasansu ya yi kyau ƙwarai, na buga shi da hannuna a kan kwamfutarsu. Saura minti arba'in a rufe suka tashi fitar da shi, wato mayar da shi fayil ɗin da wasu za su iya bugawa, sai injin, wato manhajar da ake gina wasa da ita, ya ce akwai wasu fayiloli da ba su sauke ba. Kafin su sauke, su gyara, su ɗora, lokaci ya ƙure. Ban da mu da ke ɗakin, babu wanda ya ga aikin kwana biyun nan. Har yau abin yana yi mini ciwo, domin aikin yamma ɗaya ne da zai hana wannan.

Saboda haka, mako guda kafin gasa, ka buɗe injin da za ka yi aiki da shi. Ka zana akwati ɗaya mai motsi in an danna maɓalli, ka sa masa sauti ɗaya, ka fitar da shi, ka ɗora a itch.io, shafin intanet da ake ɗora wasanni. Idan Godot kake amfani da shi, ka sani fayilolin fitarwa daban ake sauke su, ba sa zuwa tare da injin. Idan wasan na burauza ne, wato wanda ake bugawa kai tsaye a shafin intanet, itch.io na son dunƙulallen fayil na zip mai ɗauke da fayil ɗin index.html a ciki. Bayan ka ɗora, ka tura wa wani ya buɗe a tasa na'urar, kada ka gwada a taka kaɗai. A nan za ka ga sautin da ya ƙi fita, ko rubutun da ya fice daga allo. Kuma ina ba da shawarar a fifita wasan burauza, domin a gasannin da mahalarta ke ba juna maki, mutum mai wasanni ashirin a gabansa ba kasafai yake tsayawa sauke fayil ba.

Kada ka koyi sabon inji ranar gasa. Godot ne, Unity ne, GameMaker ne, wanda hannunka ya saba da shi shi ne naka. Haka kayan sauti: akwai wata ƙaramar manhaja, sfxr, wadda Tomas Pettersson ya rubuta a 2007 saboda masu shiga Ludum Dare, cikin daƙiƙu take ba ka ƙarar tsalle ko fashewa. Ka taɓa ta tun yanzu. Idan ƙungiya ce, ku buɗe ma'ajiyar Git, inda ake tara fayilolin aiki wuri guda, kowa ya gwada tura fayil da jawo shi, ku yanke wanda zai riƙe babban fayil, ku kuma yanke wanda maganarsa ce ta ƙarshe in an yi saɓani.

Sai dokoki, ku karanta su da kanku. A Ludum Dare rukunin Compo na mutum ɗaya ne, awa 48, zane da sauti duk a cikin lokacin za a yi su, kuma sai ka bayar da rubutun manhajarka. Rukunin Jam awa 72 ne, ana iya shiga a ƙungiyance, dokarsa ta fi sauƙi. Abin da ya halatta ka tanada a wannan rukuni yana iya zama haramun a wancan.

Yanzu batun dabara. Na ce ba a shirya ta, amma ana horar da kai wajen rage buri. Ku dubi Baba Is You, wanda Arvi Teikari ya ƙirƙira a Nordic Game Jam ta 2017 a Kofanhagan. Dabara ɗaya ce tak: dokokin wasan kalmomi ne a kan allo, kana tura su, doka tana sauyawa. Superhot ya samo asali ne daga gasar kwana bakwai a 2013, shi ma dabara ɗaya, lokaci ba ya tafiya sai ka motsa. Ga atisayen da nake ba ɗalibaina: ka ɗauki jigon wata gasa da ta wuce, ka ba kanka minti talatin, ka rubuta dabaru goma. Ka jefar da ukun farko, domin su ne za su faɗo wa kowa. Cikin sauran ka zaɓi wadda za ka iya bayyanawa a jimla ɗaya, wadda kuma za a iya buga ta kafin ka kwanta a daren farko. Rana ta biyu ta gyara ce da sauti da allon farawa da bayanin maɓallai.

Na ce kafin ka kwanta, da gangan na faɗa. Ku rubuta lokacin barci a jadawalinku kamar yadda kuka rubuta lokacin zane. Wanda ya kwana biyu ido biyu, kuskuren da zai gano cikin minti biyar sai ya cinye masa awa uku. Ku kuma sanar da mutanen gida tun da wuri cewa ƙarshen makon nan kuna da aiki.

Kafin zamanmu na gaba, ina son kowa ya zo da adireshin akwatinsa mai motsi, wanda ya ɗora kuma wani ya buɗe a wata na'ura. Yanzu mai tambaya ya ɗaga hannu.