Yadda manhaja ke gano 'yar'uwarta a waifai ɗaya

Ka buɗe LocalSend, manhajar tura fayil tsakanin na'urori, a waya, ka buɗe ta a kwamfuta, kafin ƙiftawar ido sunan kowacce ya bayyana a allon ɗayar. Ba intanet, ba wanda ya rubuta adireshi. Wa ya haɗa su?

Shela ce. Da an kunna manhajar, sai ta jefa ɗan gajeren saƙo ta UDP (hanyar aika saƙo ba tare da jiran tabbacin isarsa ba) zuwa adireshin rukuni 224.0.0.167, ƙofa (wato port, inda manhaja ke karɓar saƙo) mai lamba 53317. Wannan adireshi ba na wata na'ura ba ne, dandali ne: duk wanda ya shiga rukunin zai ji. A cikin saƙon akwai sunan na'urar, ƙofar da take sauraro, da lambar shaida tata ita kaɗai. Wadda ta ji sai ta amsa kai tsaye ga adireshin mai shelar, daga nan hira ta koma TCP, hanyar da ke tabbatar da isar saƙo.

Lambar shaidar nan kada ka raina ta. Mai shela shi ma yana jin muryarsa, don haka in kai ke rubuta irin wannan manhaja kuma ba ka tace da lambar ba, manhajarka za ta sa kanta cikin jerin baƙi.

UDP ba ya alkawarin isar da saƙo, balle a waifai. Ka maimaita shelar lokaci-lokaci, wanda aka daɗe ba a ji shi ba kuma a cire shi. In ba ka son ƙirƙiro naka tsarin, ga mDNS nan, tsarin gano na'urori da ake da shi tuni, a 224.0.0.251, ƙofa 5353, wanda Bonjour na Apple da Avahi na Linux ke amfani da shi.

To, in sun ƙi ganin juna fa? Fara da katangar tsaron Windows: idan ta ɗauki waifan a matsayin na jama'a, takan toshe saƙon da ke shigowa. Sai rauta, na'urar da ke ba da waifan. Na otal da na baƙi galibi an saita su kada na'urori su ga juna, a nan kuwa ba dabarar da za ta yi. Android na watsar da irin wannan saƙo don tattalin batir sai manhaja ta riƙe MulticastLock, wato umarnin da ke hana wayar watsar da shi. A iPhone, tun iOS 14 sai mai waya ya ba manhajar izinin neman na'urorin da ke waifan.

Wanda ya fi wahalar ganowa shi ne kwamfuta mai VPN ko VirtualBox (manhajar gudanar da wata kwamfuta a cikin kwamfuta). Tana da hanyoyin fita fiye da ɗaya, sai shelar ta bi wadda ba kowa. Ka sa manhajar ta shiga rukunin ta kowace hanya, ta yi shela a kowacce daban.