Sitaj a wuraren tarihi: lacca ga ɗaliban Marwa masu shirin fita koyon aikin jagora

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. Abu huɗu na zo da su game da sitaj ɗin da za ku fita, wato koyon aikin jagora da bayani a wuraren tarihi.

Na farko takarda. Kada ku taka wurin aiki sai da yarjejeniyar da makarantarku da ofishin ma'aikatar al'adu suka sa wa hannu. Dokar kayan tarihi ta Kamaru ta 2013 ta hana tono ko ɗaukar wani abu ba izini, ko da tsingaro ne. Bayan takarda sai gaisuwa. Ku je wurin lawan ko jauro, wato shugabannin ƙauyen, kafin ku buɗe littafi, domin baƙo ko da ido makaho ne.

Na biyu, nan kam zan daɗe, ku yi haƙuri. Yadda ake tsayawa da yaran makaranta a gaban dutse. Mu ɗauki Diy-Gid-Biy a duwatsun Mandara, wanda UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa cikin kayan gadon duniya a 2025. Wurare 16 ne a ƙauyuka bakwai, an gina su tsakanin ƙarni na 12 da na 17, sunan kuwa a harshen Mafa yana nufin kangon gidan sarki. Dutse ne a kan dutse, ba laka ba siminti, ga dandamali, ga matakala, ga lunguna. To sabon jagora yakan haddace duk wannan ya juye wa yara a minti biyu, su yi shiru, ya ɗauka sun gane. Ba su gane ba, rana ce ta dame su.

Kada ku fara da shekaru. Ku fara da tambaya. Ku ce, wa zai nuna mini abin da ya riƙe wannan bango? Ku yi shiru, ku ƙirga goma a zuci. Yaro ɗaya zai ce ba laka. Wani zai hango ƙananan duwatsun da aka cusa tsakanin manya. To a nan ne za ku ba su ƙarni na 12, sai ya zauna musu, tun da idonsu ya riga ya yi aiki. Ina maimaitawa: tambaya tukuna, shekara daga baya.

Aji mai yara sittin ku raba shi huɗu, goma sha biyar ga kowane jagora, malaminsu a ƙarshen layi. Zango biyar sun isa, kowanne minti bakwai zuwa takwas, duka kada ya wuce minti arba'in da biyar. A watan Maris da Afrilu zafi yakan haura digiri 40, saboda haka ku fara ƙarfe bakwai, ku tabbatar kowa da gorar ruwansa. Kai jagora ka fuskanci rana, su su ba ta baya. Ka ƙirga kawuna a farko, ka ƙirga a kowane zango. Yaron da ya ɓace, je ka duba inda ya fi tsawo, can za ka same shi yana ɗaga wa abokansa hannu. (dariya) Dariya kuke yi, amma bangon da ba laka, dutse ɗaya aka zare sai na samansa su biyo.

Wannan ya tuna mini Bidzar, kusa da Gider, a hanyar Garwa. Zane ne aka sassaƙa a kan farin dutse, yawanci da'ira-da'ira. Da tsakar rana ba ya fitowa sosai, sai jagora ya zuba ruwa ko ya bi layin da alli don hoto ya yi kyau. Don Allah kada ku yi. Alli yana maƙalewa a cikin tsagar, gogewa kuma tana cin dutsen. Ku kawo mutane da sassafe ko da la'asar sakaliya, hasken da ya zo a karkace shi ke fito da zanen. Kuma a cire takalmi daga kansa, ba wurin taka ba ne.

Ina muka tsaya? Na uku ko? To littafin aiki. Kullum ku rubuta kwanan wata, yawan baƙi, da tambayoyin da aka yi muku. Mako-mako ku ɗauki hoton bango daga wuri ɗaya, da sanda mai mita ɗaya a gefe. Daga nan rahotonku zai fito. Na huɗu... e, 'yata, ga hannu can.

(Wata ɗaliba: Malam, in yaran ba sa jin Faransanci sosai, mu kuma ba ma jin Mafa, yaya za mu yi?)

Kin kawo abin da ya fi na huɗun da na shirya. Fulatanci zai kai ki nesa a wannan yanki, Hausa ma tana aiki a kasuwa, amma ki nemi mutumin ƙauyen ya tsaya kusa da ke. Mafa har yau suna yin al'adunsu a wasu daga cikin wuraren nan, akwai inda ba a shiga, shi zai nuna miki. Makon farko ki zauna da shi ki rubuta kalma ashirin: dutse, bango, matakala, ruwa, kada ka hau, zo nan. Ki karanta masa ya gyara miki lafazi. In yara sun zo, ki bar shi ya faɗi sunan wurin da bakinsa, ke ki ɗora da bayanin gini. In an ba da wani abu na goro a ƙarshe, a raba da shi a gaban kowa.