Ba iska ce ke tsayar da jini ba

[Hoto: mahauci a kasuwar Garwa, wuƙa ta shafi yatsansa]

Ku dubi hannunsa. Ya danne da tsumma, ya ɗaga ya leƙa, ya hura, ya sake dannewa. Tun da hoton nan ya zagaya WhatsApp ake ta musu, wai sai iska ta taɓa ciwo jini ke bushewa. Jini daskarewa yake yi, jama'a, kuma daga ciki ake aikin.

Da an yanki jijiya sai ta tsuke kanta. Wannan ba gardama, mu wuce.

[Hoto: zanen cikin jijiya]

'Yan ɓarɓashin nan su ne plaket, waɗanda kuke gani da Faransanci a takardar gwajin jini. A ɓargo ake yin su, kwana 7 zuwa 10 suke yi a jiki, kuma a mikrolita guda, ɗan mitsitsin ɗigo, akwai 150,000 zuwa 450,000. Suna isa bakin ciwo sai su manne, su miƙe 'yan ƙafafu, su kirawo 'yan uwansu, su toshe kafar.

To a nan mahaucinmu ya ruɗe. Toshiyar nan ɗanyar laka ce, ba a sa mata ramno ba tukuna. Ramnon yana cikin jini a narke, sunansa fibrinojen, hanta ke yin sa. Sai wani sinadari, trombin, ya mayar da shi zare-zare, zaren ya saƙe plaket, ya kamo jajayen ƙwayoyin jini kamar koma a Binuwai. Saƙar nan mintoci take ci. Duk ɗaga tsumma da ka yi, ka ɓamɓare lakar, magina su koma farko.

Danne minti 10, na agogo, ba na zuci ba. Tsumman ya jiƙe? Ɗora wani a kai. Toka da man birki kuwa, Allah ya jiƙan kakata, ta yarda da toka, amma datti kawai ake ƙara wa ciwo.

[Hoto: kwalbar gwaji a asibiti]

Masu cewa iska, ga tambaya. Dafin kububuwa yana cinye fibrinojen. A asibiti sai a zuba jinin wanda ta sara a kwalba, a ajiye minti 20. Ga iska nan, ga jini tsululu kamar zoɓo. Me ya hana shi bushewa? Wannan kam dannewa ba ta isa, sai allurar maganin dafi.