Gidan Makama, Badala da Ƙaramar Hukuma

Assalamu alaikum. Shugaban taro, malamaina, iyayenmu mata, da ku ɗalibai da kuka cika bayan ɗaki, barkanku da zuwa.

An ce in yi magana kan gidajen tarihi na ƙasa da ƙananan hukumomi. Zan tsaya a Kano, don kowa a nan ya san wuraren da zan ambata.

Mu fara da Gidan Makama, ga shi nan daura da fadar Sarki. Tun ƙarni na 15 aka gina shi, kuma da Muhammadu Rumfa ake danganta shi, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Da Turawa suka ci Kano a 1903, sun yi amfani da shi wajen harkar mulkinsu. Yau yana hannun Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979. In ka shiga za ka ga soraye masu bakan gizo da azara, da tsofaffin ƙyauren ƙofofin gari, ƙarfe a jikinsu duk ya yi baƙi, da sulke da lifidi. To amma albashin ma'aikacin da ke ciki daga Abuja yake zuwa. Kwatar da ke wajen katanga kuwa, da bolar da ke gefen titi, da 'yan tebur, tsarin mulkin 1999 ya ɗora su a kan ƙaramar hukuma, tare da kasuwanni, tasoshin mota, maƙabartu da sanya wa tituna suna.

Sai badala, inda abin ya fi ciwo. Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara gina ta a ƙarni na 12, sarakunan baya suka yi ta faɗaɗawa. A da, gyaranta aikin gayya ne, talakawa su fito a kwaɓa ƙasa a yaɓe. Yanzu fa? A takarda kayan tarihin ƙasa ce, wato ta Tarayya. Filin da take kai, dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar birane a hannun gwamna. Sannan ta ratsa Birni da Kewaye, Dala da Gwale. Ta zama marainiya mai kawunnai da yawa, kowa ya san da zumuncin, ba mai ɗaukar ci da sha. Mai gini ya ɗebi ƙasa, damina ta zaftare wani ɓangare, wani ya kafa shago, da kaɗan-kaɗan har ka nemi ganuwa ka rasa.

Wasu za su ce laifin masarauta ne, wasu su ce tun da aka rushe En'e, wato hukumar gargajiya, a gyaran ƙananan hukumomi na 1976 abin ya lalace. Ni ba can na dosa ba. Abin da nake cewa shi ne, abin da mutanen unguwa ba sa shiga, ba za su tsare shi ba.

Ku dubi maƙwabtanmu. A Yamai akwai gidan tarihi na ƙasa mai sunan Boubou Hama, an buɗe shi a 1959. Akwai ƙasusuwan manyan dabbobin dauri da aka tono a hamadar Agadas, akwai busasshiyar bishiyar Tenere da mota ta buge a 1973. Amma abin da ke kawo jama'a shi ne an haɗa shi da gidan namun daji da rumfunan masu sana'a. Yaro ya zo kallon dorina, uwarsa ta tsaya wajen dukawa tana tayin jaka, maƙerin azurfa na ɗan bubbuga zobe a gabanka. Ran sallah wurin cika yake yi. Mu kuma muna da marina a Ƙofar Mata, muna da dukawa da maƙera a Kurmi, amma ɗalibi nawa ne a cikinku ya taɓa leƙa Gidan Makama ba don an tilasta masa ba? Na ga hannaye ba su da yawa. (Dariya)

A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa bai wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Ko hakan ya tabbata a aikace, wannan wata maganar ce. Amma abin da nake roƙo bai kai kuɗin kwalbati biyu ba. Ciyaman ya ɗauki hayar bas ya kai 'yan aji shida na firamare gidan tarihi kowane zango. Kansila ya zauna da masu unguwanni a hana zuba shara a gindin badala. Ma'aikatan gidan tarihin su ma su fito daga ofis, su gayyaci marina da masaƙa su baje aikinsu a farfajiya ranar Asabar, bayanin da ke jikin kayan kuma a rubuta shi da Hausa da ajami, don tsohuwar da ta rako jikanta ta karanta da kanta.

Shugaba, na ga kana duba agogo. Masu tambaya bismillah.