Tangaran mai ƙofofi: yadda ake yin sa da abin da ke karya shi

Wannan lacca wani malamin ilimin yumɓu da ƙarafa ne ya gabatar da ita ga maƙera, masu ginin tukwane da ɗalibai a Aboabo, Kumasi. An rubuto ta daga faifan murya.

Assalamu alaikum. Iyayena maƙera, iyayena mata masu ginin tukwane, ƙannena ɗalibai, sannunku da zuwa.

Kowa a nan ya sha ruwan randa. Sanyinsa daga ƙananan ƙofofin jikin yumɓun yake: ruwa na tsattsafowa, iska na busar da shi. To, yau maganarmu a kan tangaran ce wanda aka yi wa ƙofofi da gangan, har wani kashi 80 ko 90 cikin 100 na jikinsa iska ce. Da shi ake tace narkakken ƙarfe, ake tare zafi a tanderu, ake tace ruwan sha. Sai dai kowace ƙofa da ka buɗe, ka rage masa ƙarfi. Gwanintar duka ita ce sanin yawan ƙofofin da za ka buɗe da girmansu.

Hanya ta farko ta buɗe ƙofofin nan ta soso ce. A 1963 wasu mutum biyu a kamfanin General Motors na Amurka, Schwartzwalder da Somers, suka yi mata rajista. Za ka samu soso dangin na katifa amma mai buɗaɗɗun ƙofofi, ka tsoma shi a kwaɓin tangaran mai ɗan kauri, ka matse rarar, ka shanya, ka gasa. Soson ya ƙone, tangaran ya rage da siffarsa sak. A kasuwa da yawan ƙofofi a kowane inci ake sayar da shi: mai 10, mai 20, mai 30. Garin da aka yi shi da shi ya danganta da ƙarfen da zai tace: na alumina na alminiyon ne, na silikon kabayid na baƙin ƙarfen zubi, na zakoniya kuma na ƙarfen da ya fi su buƙatar wuta. Ku masu zubin tukwane, da 'yan'uwanmu na Suame Magazin, unguwar makanikai da maƙera ta nan Kumasi, kun san fatar nan da ke tasowa a kan alminiyon idan ya narke. In ta bi ta shiga cikin zubi, nan ne tukunya ke yoyo daga baya. Ɗan wannan mataci a bakin hanyar zubi yakan tare ta.

Ga guda da na karya, a miƙa shi baya tare da gilashin nan mai ƙara girman abu. Ku dubi bakin kowace jijiya, wato siraran zaren da suka haɗa jikinsa, inda ta karye. Za ku ga ba cike take ba, akwai rami a tsakiya mai kusurwa uku, gurbin zaren soson da ya ƙone. Daga waɗannan kusurwoyi masu kaifi tsagewa ke farawa, shi ya sa wannan iri ke marmashewa a hannu. Maganinsa, a sake tsoma shi a kwaɓi mai ruwa-ruwa, kuma a ɗaga wuta sannu a hankali sa'ad da soson ke ƙonewa, don hayaƙin ya fita bai fasa bango ba.

Hanya ta biyu ita ta fi kusa da mu. Ka gauraya yumɓu da abin da wuta za ta cinye, kamar garin katako ko ɓuntun shinkafa. Garin katako kuwa ga shi nan tsibi-tsibi a Sokoban, yumɓu ga shi a Mfensi, masu gini ga su a Pankrono. Da wannan hanya Fernando Mazariegos ya yi tukunyar tace ruwa a Gwatemala a 1981, ƙungiyar Potters for Peace ta yaɗa ta bayan guguwar Mitch ta 1998, a nan Gana kuma ƙungiyar Pure Home Water ta Tamale ta kai ta gidaje a arewa.

Ta uku ba zan daɗe a kanta ba, domin sinadaranta sai an sayo daga waje. Ana buga kwaɓin ne har ya ɗauki iska, kamar yadda iyayenmu mata ke buga ƙullun ƙosai, sannan a daskarar da shi da sauri kafin kumfar ta faɗi ko ƙananan ƙwayoyinta su haɗe su zama manya.

Yanzu ƙarfi, kuma nan nake so ku ba ni kunnuwanku. Masana biyu, Lorna Gibson da Michael Ashby, sun nuna a shekarun 1980 cewa ƙarfin irin wannan kaya ba ya raguwa daidai da nauyinsa. In ka ƙara ƙofofi har nauyin ya koma rabi, ƙarfin ba rabi zai koma ba, sai wajen kashi ɗaya cikin uku. Na biyu, tangaran ba ya lanƙwasa, karyewa yake, kuma daga aibin da ya fi girma yake karyewa. Tukunya na iya samun ƙofofi dubbai masu kyau, tsinken katako guda da ya tsallake rariya ya bar dogon rami, shi ke nan. Ta nan za ta tsage, ta nan ne kuma ƙwayar cuta za ta bi ta wuce. Abin da ke ci mini rai ke nan: kayan aiki muna da su, hannu muna da shi, amma muna awo da ido. A tankaɗe garin da rariya ɗaya kullum. A auna shi a sikeli bayan ya bushe, domin jiƙaƙƙen gari nauyin ruwa ne. A cuɗa sosai kafin a zuba ruwa.

Sai maganar gasawa. Wajen digiri 100 na ma'aunin Celsius ruwan kwaɓi ke fita, in ka yi gaggawa tururi ya fasa. Tsakanin 450 da 600 ruwan da ke ɗaure cikin yumɓun kansa ke tafiya, a 573 kuma yashin da ke ciki yakan ɗan kumbura farat ɗaya. A bar iska ta shiga, in ba haka ba ka fasa ka tarar da baƙin gawayi a tsakiyar bango. Tukunyar tace ruwa wajen 850 zuwa 900 ake tsayar da ita. In ka zarce sosai za ta ƙara ƙarfi, amma ƙofofin sun fara rufewa, ruwa ba zai sauka ba. Shi ya sa masu yin ta ke jiƙa kowace guda su gwada: wajen lita 1 zuwa 3 a awa ake nema. Wadda ta yi gudu fiye da kima a fasa ta, kar a sayar wa kowa.

Wata baiwar Allah ta tambaya ko wannan tukunya za ta gyara ruwan kogin da masu galamse, wato masu haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, suka ɓata.

Hajiya, ranki ya daɗe, tambayarki na da nauyi. Laka za ta tare ta, ƙwayoyin cuta masu kawo gudawa ma za ta rage su ƙwarai, musamman in an shafa mata ruwan azurfa. Amma gubar da ta narke cikin ruwa, irin su asinik da makuri da ake fargaba a kogunan Offin da Pra, ta fi ƙofofin nan ƙanƙanta nesa ba kusa ba, kar a dogara da tukunya a kanta. Ruwan zai fito garau, ki ɗauka ya gyaru, alhali gubar na nan. Irin wannan ruwa sai an kai shi ɗakin gwaji tukuna, kuma kafin sakamako ya fito kar a ba yara.