Ba sakatare ne ya kashe shafin ba

[Hoto: allon waya, fari fat, babu komai a kai]

Assalamu alaikum jama'ar Zango. Kun ga wannan farin allon? Tun makon jiya ake ta turo mini irinsa a WhatsApp, daga Aboabo, daga Asawase, har daga Nima. "Malam, shafinmu ya mutu." Sai a biyo da saƙon murya, Alhaji shugaban ƙungiya na faɗa, wai sakatare ne ya taɓa abin da bai sani ba, don haka daga yau kada ya ƙara shiga. Alhaji, a yi haƙuri, ni ban ga laifin sakatare ba. Wanda ya buɗe masa hanyar shiga shi za a tuhuma, kuma sau da yawa irinmu ne, masu haɗa shafin.

Bari mu yi sauri a nan. Yawancin shafukan makarantu da ƙungiyoyi da na gani a Kumasi a kan WordPress suke, wato manhajar haɗa shafukan intanet. Tun 2003 yake, Matt Mullenweg da Mike Little suka fara shi, kuma an yi shi ne don wanda bai iya lambobin kwamfuta ba ya rubuta labari, ya sa hoto, ya wallafa. A ƙarshen 2018 aka sauya wurin rubutun ya koma tubali-tubali: sakin layi tubali ɗaya, hoto tubali ɗaya, kamar yadda kuke gani. Wasu har yau suna ƙunƙuni a kai. Wannan na wata rana ne.

[Hoto: jerin matsayin masu shiga yana buɗewa]

Tsaya nan. Wannan ɗan akwatin da ake tsallakewa, shi ya sa na yi bidiyon.

Duk wanda za ka ƙara a shafi, sai an tambaye ka matsayinsa. Guda 5 ne. Mutanenmu sai su zaɓi admin, saboda shi ne babba, kuma ba ka so Hajiya shugabar makaranta ta ji an ba ta ƙaramin matsayi. A nan aka yi kuskure. Wannan akwatin ba ruwansa da girma ko shekaru, makulli ne kawai. Je kasuwar Kejetia ka duba: mai shago yana ba yaronsa makullin ƙofa ya buɗe da safe, amma na akwatin kuɗi yana aljihunsa, kuma yaron bai taɓa cewa an raina shi ba.

Admin yana iya komai. Ya sauya fasalin shafin gaba ɗaya, ya sa ƙananan manhajojin da ake liƙa wa shafi ko ya cire su, ya ƙara mutum, ya kori mutum, har kai da ka haɗa shafin. Dubi gefen hagu na allonsa, jeri har ƙasa. Sai ga jan digo da lamba a ciki yana cewa a sabunta. Wa zai ga jan digo bai danna ba? Ni ma da ina dannawa. Sakatare ya danna, wata manhaja ta ƙi jituwa da wata, allo ya yi fari.

Yanzu dubi allon edita. Kun ga yadda jerin ya rage? Babu wurin manhajoji, babu wurin sauya fasali, babu wurin ƙara mutane. Yana rubutawa, yana wallafawa, yana gyara rubutun kowa, yana kula da sharhin masu karatu. Duk abin da Hajiya ke buƙata ke nan, kuma abin da ba ta gani ba, ba za ta ɓata ba.

Ƙasa da shi akwai marubuci. Nasa kawai yake rubutawa ya wallafa, ya sa hotunansa, bai isa ya taɓa na wani ba. Sai mai ba da gudummawa, wanda na fi so ga sabon hannu: yana rubutu, amma a maimakon maɓallin wallafawa sai ya ga na miƙawa a duba, rubutun ya zauna jiran edita. Sai dai akwai tarko, ku saurara: wannan matsayin ba ya iya ɗora hoto. Sau biyu ana kira na da dare, wai shafi ya lalace, maɓallin hoto ya ɓace. Bai ɓace ba, haka aka yi shi. Ya tura hoton ga edita, ko a ɗaga shi zuwa marubuci in an yarda da hannunsa. Na biyar ɗin mai karatu ne kawai, bayanan kansa yake iya gyarawa, mu wuce.

[Hoto: takarda manne a jikin kwamfuta, an rufe rubutun]

Wannan kuma, subhanallahi. Suna ɗaya, kalmar sirri ɗaya, mutum shida na amfani da ita. WordPress yana ajiye tarihin gyare-gyare: wa ya sauya me, da wane lokaci, kuma kana iya komawa kan na jiya da dannawa ɗaya. To in kowa "admin" ne, tarihin zai ce admin ya goge, admin ya gyara, sai a zauna taro ana rantse-rantse. Kowa a buɗe masa nasa da imel ɗinsa, bai kai lokacin shan koko ba.

Sauran da gudu, hotunan sun kusa ƙare mini. A shirya samfurin sanarwa guda, ranar taro, wuri, hoto, su riƙa cikewa kawai. A rage girman hoto kafin a ɗora, data ba kyauta ba ce. A sa musu allon rubutun Hausa na Gboard a waya, don ƙ da ɗ da ɓ su fito, kada ƙasa ta koma kasa. In an ɗauke wuta kana cikin rubutu, kada ka tayar da hankali, yana adanawa da kansa lokaci-lokaci. Rubutun da aka jefa kwandon shara yana nan har kwana 30, ana iya dawo da shi. Hoto kam in ka goge shi daga ma'ajiya ya tafi ke nan, babu kwando.

Abu na ƙarshe, don Alhajin da ke shirin korar sakatare. In ka goge sunan mutum, za a tambaye ka: a goge duk abin da ya rubuta, ko a mayar da shi kan sunan wani? Zaɓi na biyun. Amma ni da za ka ji tawa, Alhaji, ka bar shi. Buɗe akwatin nan, ka mayar da shi edita, ka danna adanawa. Ga shi nan, ina yi kuna gani.